ABIN DA YA SA HUTUN WASAN ZAMIYA A KAN ƘANƘARA KE NEMAN GAGARAR IYALAI A TURAI DA AMURKA

A duk lokacin da hunturu ya kama a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, watau daga watan Disamba zuwa Afrilu, miliyoyin jama'a kan kwashi iyalansu su nufi kan tsaunuka domin hutawa da kuma yin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A wannan wasa mutum kan ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna a hannu, sa'an nan ya gangaro daga saman tsauni har zuwa gindinsa. Ga wanda ya tashi a ƙasar da ba a san irin wannan sanyi ba, lamarin zai yi kama da shagalin masu hali kurum. Amma a wurin masana tattalin arziki babbar sana'a ce wadda garuruwa masu yawa suka dogara da ita, wadda kuma a 'yan shekarun nan ta shiga tsaka mai wuya, domin farashinta yana hawa, ƙanƙarar da take cin abinci da ita tana raguwa, iyalan da ake buƙata su raya ta kuwa suna ja da baya.

Tushen matsalar dai guda ne. Masu wannan sana'a suna kashe kuɗi shekara guda cur, amma ba sa samun ciniki sai a cikin wata huɗu ko biyar. A cikin waɗannan watanni ma, makonni ƙalilan ne ke kawo ribar kirki, su ne makonnin da ake rufe makarantu. Saboda haka magidanci mai 'ya'ya 'yan makaranta shi ne abokin cinikin da ba shi da ikon zaɓen lokaci, a kansa kuma nauyin yake faɗawa.

Girman kasuwar

Rahotannin shekara shekara na wannan sana'a sun nuna cewa ana samun ziyarar kwana guda har sama da miliyan 300 a wuraren wasan zamiya na duniya a kowace kaka, kimanin kashi 40 cikin 100 na wannan adadi kuwa a tsaunukan Alps ne, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya da kudancin Jamus. A Amurka kaɗai an ƙidaya ziyara fiye da miliyan 60 a kakar 2022/2023.

Da farko wasan na attajirai ne, musamman Turawan Ingila da suka riƙa zuwa garin St. Moritz na Suwizalan tun cikin shekarun 1860. An yi gasar Olamfik ta hunturu karo na farko a garin Chamonix na Faransa a 1924, a 1936 kuma aka kafa kujerun igiya na farko masu ɗaukar mutane zuwa saman tsauni a Sun Valley ta Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu ne aka yi ƙoƙarin buɗe wa talaka ƙofa. Daga 1964 zuwa 1977 gwamnatin Faransa ta gudanar da wani shiri na gina sababbin garuruwan hutu a can saman tsaunuka, a zamanin ne kuma wurare irin su Les Arcs da Flaine da Val Thorens suka samu, cike da benaye masu ƙananan ɗakuna domin ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya kama haya. Tun 1953 aka fara kai 'yan firamare ajin ƙanƙara, inda suke karatu da safe, su koyi zamiya da rana. Duk da wannan ƙoƙari, binciken da ake yi a Faransa ya sha nuna cewa ba su kai mutum ɗaya cikin goma na 'yan ƙasar ba waɗanda ke zuwa wannan hutu a shekara.

Inda kuɗin ke tafiya

Abin da ya bambanta wannan hutu da na bakin teku shi ne yawan ƙofofin da kuɗi ke fita. Wanda ya je bakin teku, in ya biya kuɗin jirgi da masauki da abinci, to ya gama, domin ba a sayar masa da rairayi ko rana. A kan tsauni kuwa sai bayan an biya waɗannan ne lissafi yake somawa.

Na farko akwai tikitin hawa. Ba wanda zai iya taka tsauni da ƙafa sau goma a yini, don haka dole ne a shiga kujeru da akwatunan da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, kowane mutum kuma da tikitinsa. A yankin Les Trois Vallées na Faransa, wanda ke da hanyoyin zamiya masu tsawon kilomita 600, tikitin kwana shida na babban mutum ya kusan Yuro 400 a kakar 2024/2025. Ko da an yi wa iyali rangwame, miji da mata da yara biyu za su biya sama da Yuro 1,200 kafin su sa ƙafa a kan ƙanƙara. A yankin Dolomiti Superski na Italiya, mai hanyoyi kilomita 1,200, tikitin yini guda a lokacin cunkoso ya haura Yuro 80 a wannan kakar.

Na biyu shi ne hayar kayan wasa, watau alluna da sanduna da takalma na musamman da hular kwano. Na uku tufafin sanyi, da suka haɗa da riga da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu da tabarau. A nan ma mai yara ya fi shan wuya, domin rigar da aka saya wa yaro bana da wuya ta shige shi baɗi. Na huɗu kuɗin koyarwa. Ƙaramin yaro ba zai iya bin iyayensa a kan gangare ba sai an koya masa, saboda haka ake kai shi makarantar zamiya. Mafi girma a cikin irin waɗannan makarantu ita ce ESF ta Faransa, wadda aka kafa a 1945, take kuma da malamai kimanin 17,000. Darasin mako guda na yara biyu kan ci ɗaruruwan Yuro.

Na biyar inshora. Wasan yana da haɗari, karaya da gocewar gwiwa ba baƙin abu ba ne. A Faransa wanda ya ji rauni a kan hanyar zamiya shi ake bai wa takardar biyan kuɗin ɗauko shi, in kuma sai da aka kira jirgi mai saukar ungulu, kuɗin ya ƙara yawa. Ita kuwa Italiya, tun daga ranar 1 ga Janairun 2022 ta wajabta wa kowane mai wasa mallakar inshorar da za ta biya diyya idan ya ji wa wani rauni. Bugu da ƙari, abinci a saman tsauni ya fi na gari tsada nesa ba kusa ba, tun da yake komai sai an hau da shi. Idan aka tara duk waɗannan tare da kuɗin jirgi da masauki, ba abin mamaki ba ne iyali mai mutum huɗu ya kashe sama da Yuro 5,000 a mako guda a ɗaya daga cikin manyan wuraren, in ya je a lokacin hutun makaranta.

Makon da kowa ke so

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen rago ana jibi Sallah ya san abin da ke faruwa idan masu saye suka taru a rana ɗaya. Haka abin yake a makon Kirsimeti da Sabuwar Shekara, da kuma hutun makarantu na watan Fabrairu. Ɗakin da aka bayar haya a kan wani farashi a tsakiyar Janairu yakan ninka a waɗannan makonni, wani lokaci ma fiye da haka, kujerun jiragen sama su ma su bi sahu.

Faransa ta nemi rage wannan cunkoso ta hanyar raba makarantunta shiyya uku, A da B da C, kowace shiyya ta tafi hutun mako biyu a lokaci dabam, ta yadda hutun zai bazu a kan mako huɗu. Masu otal da kamfanonin igiya suna cikin waɗanda suka fi kāre wannan tsari, domin ya tsawaita musu lokacin ciniki. A Ingila kuwa hutun tsakiyar zango na Fabrairu mako guda ne tak, kusan dukkan makarantu kuma lokaci ɗaya suke yinsa, shi ya sa farashin wannan mako ya zama abin kuka a kowace shekara. Wasu iyaye kan cire 'ya'yansu daga makaranta a Janairu domin su sami sauƙi, amma doka ta hana. Daga watan Agustan 2024 tarar yin haka a Ingila ta tashi daga Fam 60 zuwa Fam 80 a kan kowane mahaifi game da kowane yaro, idan an biya cikin kwana 21, in an wuce kuma ta zama Fam 160. Miji da mata masu yara biyu za su biya Fam 320 ke nan. Da yake bambancin farashin hutun yakan fi wannan adadi, akwai iyayen da ke ɗaukar tarar tamkar wani ɓangare na kuɗin tafiya.

Aikin shekara, cinikin wata huɗu

Masu kamfanoni suna da tasu hujjar. Kafa sabuwar igiya mai ɗaukar mutane kan ci miliyoyin Yuro, manya daga ciki ma gomman miliyoyi, kuma dole ne a riƙa duba lafiyarta ko ana ciniki ko ba a yi. Kowane dare manyan motoci irin na katafila ne ke baje ƙanƙara suna daddaɓe ta, ga ma'aikatan ceto, ga masu fasa tarin ƙanƙara da nakiya tun kafin ya zubo a kan jama'a. Duk waɗannan suna cin mai da wutar lantarki da albashi. Annobar korona ta nuna raunin wannan tsari a fili, domin a kakar 2020/2021 igiyoyin Faransa ba su ɗauki masu hutu ba ko kaɗan, sai da gwamnati ta tallafa wa kamfanonin. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai farashin lantarki ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, kamfanoni kuma suka ɗora ƙarin a kan tikiti.

Babbar barazanar dai ita ce ɗumamar yanayi. A wuraren da ba su da tsawo sosai, dusar ƙanƙara ta koma zuwa a makare tana narkewa da wuri. Maganin da aka samo shi ne ƙera ƙanƙarar da inji, inda ake fesa ruwa da iska mai ƙarfi a cikin sanyin dare har ya daskare ya zubo. Kimanin kashi 90 cikin 100 na hanyoyin zamiya a Italiya suna da irin waɗannan injuna, a Ostiriya kimanin kashi 70, a Suwizalan kusan rabi, a Faransa kuma kimanin kashi 40. Ma'anar wannan ita ce hajar da a da take saukowa kyauta daga sama, yanzu sai an haƙa mata tafkuna, an shimfiɗa bututu, an biya kuɗin wuta.

Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2023 ya duba wuraren wasa 2,234 a ƙasashen Turai 28, ya gano cewa idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 2, kashi 53 cikin 100 nasu za su shiga babban haɗarin ƙarancin ƙanƙara muddin ba su da injuna, idan kuwa ya ƙaru da digiri 4, adadin zai kai kashi 98. A watan Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta Faransa ta fitar da rahoto inda ta yi gargaɗin cewa tsarin da aka gina sana'ar a kansa ya fara gazawa. Ƙananan wurare sun riga sun soma rufewa, alal misali La Sambuy da ke kusa da birnin Annecy, wadda aka yanke shawarar dakatar da igiyoyinta a 2023. Abin takaici ga iyalai shi ne, waɗannan ƙananan wurare na kusa da gari su ne masu araha, a nan ne kuma yawancin yara ke fara koyo. Duk sa'ad da ɗaya ya rufe, jama'a kan koma manyan wurare na can sama, inda ƙanƙara ke da tabbas, farashi kuma ya fi zafi.

Salon Amurka

A Amurka lamarin ya ɗauki wani salo da ya kamata 'yan kasuwa su yi nazarinsa. A 2008 kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin kaka mai suna Epic Pass a kan Dala 579, wanda ke bai wa mai shi damar yin wasa a duk wuraren kamfanin har ƙarshen hunturu, da sharaɗin ya saya tun kafin ƙanƙara ta fara zuba. A 2018 abokin hamayyarsa, kamfanin Alterra, ya fito da nasa mai suna Ikon Pass. Farashin Epic Pass na kakar 2025/2026 ya soma ne daga Dala 1,051. A ɗaya gefen kuma, tikitin yini guda da ake saya a bakin taga a Vail ya haura Dala 300 a ranakun cunkoso na kakar 2024/2025.

Da gangan aka tsara hakan. Wanda zai yi wasa kwana huɗu ya ga gara ya sayi tikitin kaka, ta haka kamfani ke karɓar kuɗin mutane fiye da miliyan biyu tun da bazara, ko ƙanƙara ta zo ko ba ta zo ba. Watau haɗarin rashin kyawun yanayi ya tashi daga wuyan kamfani ya koma wuyan mai saye. Ga wanda ya saba zuwa a kai a kai, wasan ya yi araha fiye da da. Amma ga iyalin da ke son gwadawa karo na farko, miji da mata kaɗai za su biya sama da Dala 600 a yini, ban da yara da darasi da hayar kaya. Yawan masu tikitin kaka ya kuma haifar da dogayen layuka, ga tsadar gidaje a garuruwan tsauni wadda ta sa ma'aikata ba sa iya zama kusa da wurin aikinsu. A ƙarshen Disamban 2024 ma'aikatan ceto na Park City a jihar Utah suka shiga yajin aiki a tsakiyar makon hutu, suna neman a ɗaga mafi ƙarancin albashinsu daga Dala 21 zuwa 23 a awa, har aka kasa buɗe hanyoyi masu yawa ga mutanen da suka riga suka biya.

Wannan salo ya fara ƙetarawa Turai. Vail Resorts ya sayi mafi yawan hannun jarin Andermatt-Sedrun a 2022, da na Crans-Montana a 2024, dukkansu a Suwizalan. Har ila yau, wurare da dama a ƙasar sun koma sayar da tikiti kamar yadda kamfanonin jiragen sama ke yi, farashi yana hawa da sauka gwargwadon rana da yawan masu nema.

Canjin kuɗi da ma'aikata

Darajar kuɗi ita ma tana da nata tasirin. A ranar 15 ga Janairun 2015 Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa ta faran 1.20 a kan kowace Yuro, nan take faran ya yi tsada, baƙi suka wayi gari hutunsu ya ƙara kuɗi ba tare da an taɓa farashin ko ɗaki ɗaya ba. Kazalika ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rushe wani tsari mai sauƙi da iyalan Ingila suka daɗe suna mora, inda kamfanoninsu ke kama gidaje a Alps, su kawo matasa daga gida su riƙa dafa abinci da shara a kan ƙaramin albashi. Daga 2021 waɗannan matasa sai da takardar izinin aiki, saboda haka irin gidajen suka ragu, waɗanda suka saura kuma suka ƙara kuɗi.

Hanyoyin samun sauƙi

Iyalan da ba su haƙura ba sun koyi dabaru. Wasu kan bar Faransa da Suwizalan su nufi Bansko ko Borovets a Bulgeriya, ko ƙananan garuruwan Italiya irin su Bardonecchia. Wasu kan jira hutun Ista, lokacin da farashi ke sauka, ko da yake ƙanƙarar ba ta da tabbas sai a wurare masu tsawo. Akwai masu tafiya da mota maimakon jirgi, su sayi kayan abinci a gindin tsauni su dafa da kansu, su kuma sayi tufafin yara na gwanjo. Wurare da yawa a Faransa ba sa karɓar kuɗin tikiti daga yaron da bai kai shekara biyar ba, a Zermatt ta Suwizalan kuwa rangwamen ya kai har shekara tara. A kowane hali, wanda ya biya da wuri shi ke samun sauƙi.

Ga matafiyi daga Nijeriya, akwai ƙarin nauyi biyu. Kuɗin bizar Schengen ya tashi zuwa Yuro 90 ga babba da Yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 tun daga watan Yunin 2024. Sa'an nan ga faɗuwar darajar Naira bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023. A mafi yawan shekarar 2025 Yuro ɗaya ya haura Naira 1,600, wanda ke nufin hutun Yuro 5,000 ya wuce Naira miliyan takwas, tun ba a sa kuɗin jirgi daga Legas ko Abuja ko Kano ba. A nahiyar Afirka ana yin wasan a Oukaïmeden ta ƙasar Maroko da kuma Afriski ta Lesoto, inda hunturu ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Dubai kuwa sun san Ski Dubai, wani zauren ƙanƙara da aka buɗe a 2005 a cikin babban kanti, inda ake biyan kuɗin sa'o'i kaɗan tare da aron tufafi.

Abin da ke gaba

Lissafin da ke gaban masu wannan sana'a ba mai sauƙi ba ne. Ɗaga farashi yana cike giɓin bana, domin har yanzu akwai masu hali da ke cika manyan wurare. Sai dai yawancin masu wasan zamiya tun suna yara suka koya, wanda kuma ya girma bai koya ba da wuya ya fara, da wuya kuma ya kai nasa 'ya'yan. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane iyali da tsada ta mayar gida a yau, abokan ciniki ne aka rasa na shekara talatin ko arba'in masu zuwa. Wannan ne ya sa garuruwan tsauni da dama suka fara neman cinikin bazara, kamar tseren keke da yawon ƙafa, domin igiyoyin da suka ci miliyoyi su yi aiki fiye da wata huɗu a shekara. Gwargwadon nasarar da suka samu a wannan yunƙuri, gwargwadon sauƙin da magidanci mai 'yan makaranta zai iya sa rai da shi a makon Fabrairu.